Windows da Linux a Kwamfuta Ɗaya: Wane Sashe Zai Buɗe da Kansa, Wane Zai Jira Izini?

A Kwanar Dangora, daidai inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta ɓalle daga babban titin Kano zuwa Zariya, wani abokina yana da ɗan shagon kwamfuta. Yana buga takardu, yana ɗaukar hoton fasfo, yana tsara katin gayyatar biki, sannan yana tura wa mutane fina-finai da karatun malamai a waya. Masu zuwa wurinsa daga Kiru suke da Bebeji, har da fasinjojin Doguwa da ke jiran mota ta cika. Jarin shagon kusan duka laftof ɗaya ce ƙirar HP, ta hannu, wadda ya sayo a Kano.

Babbar damuwarsa a da ita ce bairos. Duk memori ko filash ɗin da aka miƙo masa sai ya zo da tsarabarsa, musamman irin mai ɓoye fayiloli ya bar maka foldodin bogi. Ni na ba shi shawara ya sa Linux Mint a gefen Windows, tunda bairos ɗin da aka rubuta don Windows ba ya tashi a Linux. Aikin tura fim a yi shi a Linux, CorelDRAW da sauran aikin zane su zauna a Windows. In an kunna kwamfutar sai ta tambaya wanne za a shiga. Na yi masa aikin da hannuna, na koma Kano ina jin na yi abin kirki.

Bayan wata uku ya kira ni da daddare. Ƙanensa da ke tsare shagon yana loda sababbin fina-finai, sai wuri ya cika. Ya duba gefen hagu na manhajar fayiloli, ya ga wani faifai, ya danna, ya buɗe ba tare da an tambaye shi komai ba. A ciki ya ga wata folda mai nauyi, sunanta "New folder" kawai. Ya goge ta gaba ɗaya, ko kwandon shara bai bari ta shiga ba.

"Yaya, wallahi na ɗauka tsofaffin fina-finai ne," abin da yake ta maimaitawa ke nan.

Faifan da ya buɗe sashen Windows ne. Foldar kuwa ita ce ma'ajiyar aikin shagon: katunan biki uku da za a zo karɓa washegari, da takardun makaranta na mutane da aka sikana. Na ce kada wanda ya sake ajiye ko da fayil ɗaya a kwamfutar. Da safe na shiga mota. Da manhajar PhotoRec muka ceto da yawa, amma ita ba ta dawo da sunan fayil, sai lambobi, don haka muka wuni muna buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Kati ɗaya sai da aka sake tsara shi daga farko.

Yaron bai yi abin mamaki ba. Ni ne na gina gida mai sassa biyu na bar ƙofar tsakiya a buɗe.

Wayarka ta riga ta iya wannan

Faifan ajiyar kwamfuta ɗaya ne, amma ana yanka shi sassa, abin da masu gyara ke kira fatishan. Kafin babbar manhaja ta iya karanta wani sashe, sai ta jona shi a wani wuri da za ka gan shi. Windows tana ba shi harafi, C ko D. Linux kuwa ba ta amfani da haruffa, tana jona sashen ne a cikin wata folda. Umarnin da ke yin haka sunansa mount.

Wayar Android da ke hannunka a kan ƙwayar Linux take, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, kuma ita ma ma'ajiyarta sassa ce. Akwai sashen da Android kanta ke zaune, akwai wanda hotunanka da saƙonninka suke. Na farkon ana jona shi ne don karantawa kawai. Shi ya sa duk ɓarnar ƙaninka da wayarka ba zai iya goge Android ba, shi ya sa kuma in ka mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, kayanka ne ke tafiya, manhajar tana nan. Memori kuma da ka saka sai ya jonu da kansa, in za ka cire ka shiga saiti ka sallame shi tukuna. Masu ƙera waya sun yanke maka hukuncin abin da zai buɗe da abin da zai zauna a kulle. A kwamfuta mai manhaja biyu, kai ne za ka yanke.

Maganar za ta ƙara shafar mutane da yawa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da sabon furosesa, a Intel galibi daga zubi na takwas zuwa sama. Da yawa daga cikin laftof ɗin hannu da ake sayarwa a Beirut Road da Farm Centre sun girmi haka. Linux Mint 22, wadda ta fito a 2024, tana da tallafi har 2029, kuma tana tafiya lafiya a kan tsofaffin na'urori.

Me ke cikin faifan?

Buɗe Terminal a Linux ka rubuta:

lsblk -f

Za ka ga jerin sassa da sunaye irin su sda1 da sda2, ko nvme0n1p1 in faifanka sabon samfuri ne. Kusa da kowane akwai nau'in tsarinsa. Wanda aka rubuta ntfs na Windows ne, ext4 na Linux ne. Akwai wani ƙarami, vfat, wanda sau da yawa megabait 100 ne ko sama kaɗan. Wannan shi ne sashen EFI, inda manhajojin biyu ke ajiye abin da ke tayar da su. Shi da sashen Linux kanta an riga an saita su tun ranar da aka sa manhajar. Kada ka taɓa su. Akwai kuma wani ƙaramin ntfs da Windows ke ajiye kayan gyaran kanta, shi ma babu ruwanka da shi.

Saura babban sashen Windows, wato C. A Mint da Ubuntu ba ya jonuwa lokacin kunnawa, amma yana nan a gefen manhajar fayiloli yana jira, kuma in kana cikin asusun mai kwamfutar dannawa ɗaya ta isa. Abin da ya fi muni, kariyar da Windows ke yi wa fayilolinta ba ta aiki daga nan. Foldar da Windows za ta hana ka gogewa, Linux za ta goge maka ita ba gardama.

Akwai kuma matsalar da ke kishiyar wannan. Wani yana ajiye waƙoƙinsa ko karatu a sashen D. Duk lokacin da ya kunna Linux, manhajar sauraro sai ta ce fayilolin babu su, har sai ya je ya danna D ɗin da hannu. Shi so yake ya buɗe da kansa.

Tsarin da na yi wa abokina bayan abin ya faru mai sauƙi ne. Muka kwafe muhimman kaya a wani faifan waje, muka shiga Disk Management a Windows, muka rage girman C, muka yanki sabon sashe na NTFS muka sa masa suna KOWA. Duk abin da manhajojin biyu ke buƙata, fina-finai da hotunan fasfo, can yake zama, kuma shi kaɗai ke buɗewa da kansa. C kuwa muka kulle shi.

Ta manhajar Disks

In ba ka son rubuta umarni, Mint da Ubuntu suna zuwa da wata manhaja mai suna Disks. Buɗe ta, zaɓi faifan a hagu, danna sashen da kake so a zanen da ya bayyana. A ƙarƙashin zanen akwai ɗan maɓalli mai alamar giya. Danna shi ka zaɓi "Edit Mount Options". Komai zai kasance a dushe har sai ka kashe "User Session Defaults" da ke sama.

Akwatuna uku ne ke da muhimmanci. "Mount at system startup" shi ne ke sa sashe ya jonu da an kunna. "Show in user interface" shi ne ke nuna shi a gefen manhajar fayiloli. "Require additional authorization to mount" kuma yana sa a nemi kalmar sirri kafin a buɗe. A sashen KOWA, ka cika na farko da na biyu. A sashen C, ka cire na farko da na biyu, ka cika na uku. In ka san za ka riƙa ɗauko abu daga C lokaci-lokaci, bar shi ya bayyana, amma a layin zaɓuɓɓuka da ke ƙasa ka ƙara waƙafi da haruffa biyu, ro. Ma'anarsu karatu kawai: za ka iya kwafowa, ba za ka iya gogewa ko canzawa ba. Da na sa waɗannan haruffa biyu tun ranar farko, da ban yi waccan tafiya ba.

Kalmar sirri kuwa ba ta da amfani in yaron shago ya san ta. Buɗe masa nasa asusun na talaka, wanda ba shi da ikon mai gida.

Abin da Disks ke rubutawa a ɓoye

Duk abin da ka danna a Disks, a wani ɗan fayil ake rubuta shi, /etc/fstab. Yana da kyau ka iya karanta shi, domin ran da abu ya lalace nan za ka je. Kafin ka taɓa shi, ajiye kwafi:

sudo cp /etc/fstab /etc/fstab.tsoho

Kowane layi a ciki sashe ɗaya ne, kuma yana da gurbi shida: wane sashe, a ina za a jona shi, wane nau'i ne, da waɗanne sharuɗɗa, sai lambobi biyu a ƙarshe waɗanda a sashen NTFS sifili ake sa musu. Ga na KOWA, bayan ka ƙirƙiri foldar da umarnin sudo mkdir /mnt/kowa:

UUID=lambar-sashenka /mnt/kowa ntfs-3g nofail,uid=1000,gid=1000,windows_names,x-gvfs-show 0 0

Ga na C, shi ma da tasa foldar:

UUID=lambar-sashenka /mnt/windows ntfs-3g ro,noauto,x-udisks-auth 0 0

A gurbin farko ka sa lambar UUID da lsblk -f ya nuna maka, a NTFS haruffa da lambobi 16 ce. Kada ka yi amfani da suna irin sdb1. Waɗannan sunaye bisa wanda aka fara gani ake raba su, don haka faifan da yake sdb yau zai iya zama sdc gobe saboda an manta filash ɗin wani a jiki. A shagon da ake soka filash ashirin a rana, wannan ba ƙaramar magana ba ce. UUID kuwa ba ya canzawa sai an yi wa sashen fomat.

Kalmar noauto tana nufin kada a jona lokacin kunnawa. Lamba 1000 ita ce ta asusun farko da aka buɗe a Mint ko Ubuntu, sa ta yana mai da kai mamallakin fayilolin, kuma da ita kwandon shara ke aiki a sashen. Ita kuwa windows_names tana hana ka sa wa fayil sunan da Windows ba ta karɓa, kamar mai alamar tambaya a ciki.

Wadda ba na yarda a manta ita ce nofail. In babu ita, Linux tana ɗaukar sashen a matsayin dole. Ran da ba ta gan shi ba, ko don ka yi kuskuren harafi ɗaya a UUID, ko don an cire faifan, za ta jira daƙiƙa 90, sannan ta jefa ka cikin baƙin allo na gaggawa a maimakon ta buɗe. Wanda bai taɓa ganin allon nan ba zai ɗauka kwamfutar ta mutu, ya kama hanyar Kano neman mai gyara saboda kalma ɗaya. Da nofail, in sashen babu, sai ta wuce abinta.

Kafin ka sake kunnawa, gwada:

sudo findmnt --verify
sudo systemctl daemon-reload
sudo mount -a

In babu ƙorafi, ka duba /mnt/kowa ka ga kayanka. In kuma ka riga ka faɗa baƙin allon, ɗauko filash ɗin da ka sa Linux da shi, ka tayar da kwamfutar daga kansa, ka buɗe fstab na faifan, ka sa alamar # a farkon layin da ka ƙara. Duk layin da ya fara da ita ba a karanta shi. Don haka kada ka goge wancan filash ka cika shi da fim.

Tarkon ɗauke wuta

Mako biyu da gama wannan aiki, abokina ya sake kira. KOWA yana buɗewa, amma ya ƙi karɓar komai. Ba a iya ajiyewa, ba a iya gogewa.

Tun daga Windows 8, a 2012, akwai wani tsari mai suna Fast Startup da ke kunne tun asali. In ka danna "Shut down", Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya. Tana naɗe halin da take ciki ta ajiye a wani fayil, hiberfil.sys, don ta tashi da sauri. A wurinta, sassan NTFS duk suna hannunta har yanzu, kamar wanda ya fita masallaci ya bar kayansa a baje. In Linux ta zo ta tarar da haka, sai ta ƙi rubutu a sashen, ta buɗe shi don karatu kawai. Gata take yi maka. Da za ta rubuta, Windows in ta farka za ta ci gaba da tsohon lissafin da ke kanta, sababbin fayilolin su ɓace ko tsarin sashen ya rikice.

Kashe shi ba wuya. A Control Panel ka shiga "Power Options", sannan "Choose what the power buttons do", ka danna layin da ke buɗe saitunan da aka kulle, ka cire alamar "Turn on fast startup". Ko ka buɗe Command Prompt da ikon mai gida ka rubuta powercfg /h off, wanda ke kashe dogon barcin baki ɗaya.

Sai dai mu muna da ƙarin matsala da masu rubuta jagorori a Turai ba su cika tunawa da ita ba. Laftof ɗin hannu batirinta ya gaji. Ana cikin aiki a Windows wuta ta ɗauke, kafin a tayar da janareta batir ya kai gargara. Abin da Windows ke yi a nan, bisa saitinta na asali, shi ne ta shiga dogon barcin da kanta. In kuwa batirin ya mutu murus, kwamfutar ta yanke ne kawai, sai sashen ya zauna da alamar ba a rufe shi daidai ba. Wuta ta dawo, yaro ya kunna, ya zaɓi Linux don ga mai son fim a tsaye. Duka biyun sakamakonsu ɗaya ne. Abin da ya faru a Dangora ke nan.

Maganin shi ne a koma Windows tukuna, a bar ta ta tashi, sannan a danna "Restart", domin shi yana kashe ta gaba ɗaya ko da Fast Startup na kunne. In har yanzu sashen ya ƙi, a sa chkdsk D: /f daga cikin Windows, a canza D da harafin sashen. Za ka ga ana ba da shawarar ntfsfix ko remove_hiberfile a intanet. Na farkon ƙananan gyare-gyare kawai yake yi, bai kai chkdsk ba. Na biyun kuwa yana jefar da duk aikin da Windows ta kwanta da shi, har katin da ba a ajiye ba. Ni dai ba na amfani da su in Windows tana iya tashi.

Wani zai ce me ya sa ba za a yi KOWA da exFAT ba, irin na manyan memori, tunda kowa na karanta shi? Ana iya yi. Amma exFAT ba shi da kundin da NTFS ke rubuta abin da yake shirin yi kafin ya yi, wanda ke taimakawa wajen farfaɗowa in wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu. A inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, NTFS ya fi kwanciyar hankali. Linux tana karanta shi ta ntfs-3g, kuma tun ƙwaya ta 5.15 a 2021 an ƙara wani direba mai suna ntfs3 daga kamfanin Paragon. Shi ma ba ya yarda ya yi rubutu a sashen da ba a rufe daidai ba.

Ta ɓangaren Windows

Nan aikin kaɗan ne, domin Windows ba ta karanta ext4, ba ta ma nuna shi a cikin faifanta. Haɗarin yana cikin Disk Management, inda sashen Linux ke bayyana ba suna ba nau'i, kamar fili da ba mai shi. Mutane da yawa sun goge shi suna neman ƙarin wuri. Haka kuma in ka jona faifan waje mai tsarin Linux, Windows na iya cewa sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi. Amsar ita ce a'a.

In akwai wani sashen NTFS da ba ka so ya bayyana a Windows, danna shi da maɓallin dama a Disk Management, zaɓi "Change Drive Letter and Paths", ka cire harafin. Kayan suna nan, ƙofar ce kawai ta ɓace, kuma ran da kake so ka mayar. Akwai umarnin automount disable a cikin diskpart da ke hana Windows ba sababbin faifai harafi da kanta, amma ga mai shago wahala zai ƙara, don faifan waje na kwastoma zai riƙa shiga shiru sai an ba shi harafi da hannu.

Wanda kuma ya danna C a Linux ya ga ana tambayarsa kalmar sirrin da bai sani ba, BitLocker ne. Sababbin kwamfutoci masu Windows 11 sukan rufe faifan da shi da zarar an shiga da asusun Microsoft. Mabuɗin ceto lambobi 48 ne, yana cikin wancan asusun. Ka nemo shi da wayarka ka rubuta a takarda kafin ka fara yanka sassa, domin canji a tsarin tayar da kwamfuta kan sa Windows ta neme shi.

A shagon Kwanar Dangora yanzu, in ƙanen ya shiga Linux faifai ɗaya yake gani a gefe, KOWA. Foldar aiki ta koma C da suna na gaskiya, kuma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ana kwafe ta a faifan waje. A jikin bango, saman soket, yayan ya manna takarda da ya rubuta da maka: in wuta ta ɗauke ana Windows, a koma Windows. Batirin dai har yanzu bai canza ba, ya ce sai bayan kaka.